Koren Tumba

Ta iso shagona a Birnin Kebbi, bayan tsohuwar kasuwa,
da guntun tambarin buhu a bakin zani.
Ta shimfiɗa shi kan teburin yankan takarda.
"Wanga kore nika so," in ji Tumba,
"na fadamar Bunza, mako uku bayan dashe."

Ni tawada huɗu gare ni:
shuɗi, ja, rawaya, baƙi.
Kore ba ya cikin gwangwani,
sulhu ake ƙullawa tsakanin shuɗi da rawaya,
kuma kowace safiya sai an sake zama.

Na buga gwaji. Ƙarƙashin fitila ya yi daidai.
Ta ɗauka ta fita rana,
ta kara shi da nata, gefe da gefe,
ta daɗe ba ta ce komai ba.
"Wanga ba shi na ba. Wanga ganye ya ji ƙishirwa."

Na sassauta rawaya da rabin juyin kusa.
Arzika ya wanke rola, yana gunaguni,
wai wa zai tsaya auna kore
alhali shinkafa yake son ci?

Kakale da ya koya min aiki ya sha faɗa:
akwai sabanin da ido ke yafewa,
siririn abu, kamar zaren gizo.
Cikinsa ka ci abincinka.
Ka haure shi, kai da ɗan jabu sunanku ɗaya.

Dubu biyar za mu buga.
Na manna wanda ta sa wa hannu a bango.
Kowane ɗari biyu in zaro guda in gwada,
don inji yana ɗumi, tawada tana saki,
takarda ta sha raɓar damina ta kumbura,
janareta ya yi tari a dubu uku da wani abu,
ɗari da sittin suka fito kamar kainuwa.
Na ware su. Asarar tawa ce.

Masu sayenta a Jega da yawa ba sa karanta sunan.
Launin suke hangowa daga bakin rumfa,
su ce a sauke musu wancan.

Da magariba na ɗora na farko kan na ƙarshe,
na kira Arzika bakin ƙofa.
Ya juya su, ya sake juyawa,
ya ce, "Oga, wanne ne na safe?"