Kayen Aji

Mushe Nomau ya sayo kaye mai shafi ɗari biyu,
ya ce na aji ne duka,
kowane dare zai kwana gidan mutum ɗaya.
Doka biyu: layi goma da Ingilishi,
kuma bik ba ya tsayawa, ba a gogewa.
"Ruwan da ya tsaya shi ke tara sauro," in ji shi.

Ran Talata layi ya zo kaina.
Na cusa shi cikin riga saboda yayyafi,
na hau kabu-kabu zuwa Bagalam
ina jin sa a ƙirji kamar bashi.

Bayan isha'i aka ɗauke wuta.
Na haska da salula, na buɗe.
Ga Barira da akuyarsu da ta cinye takardar kuɗin ruwa.
Ga Sahabi, layi goma cif a kan ƙwallo,
rabinsu Faransanci ne da hular aro.

Ni kuwa harsuna uku ke gardama a bakin bik.
Hausa ta riga kowa, ta shimfiɗa tabarma.
Faransanci ya shigo ba sallama, ya saba da gidan.
Ingilishi na tsaye a zaure
yana jiran a ce masa bismilla.

Na rubuta Baba da buhunan ayarsa,
yadda yake ƙulla ciniki da mutanen Jibiya,
sefa a aljihun dama, naira a na hagu.
Ya iya ƙidaya da Ingilishi har dubu,
bai san yadda ake cewa "na gaji" ba.
Layi na shida ya karye, na bar shi yana ɗingishi.
Na bakwai ya zo da gudu, ban kira shi ba.

A na tara na cije.
Ina son in faɗi abin da ya sami Baba
ran da Inna ta dama fura da nonon safe,
ya hau yabon ludayi har da faifai.
Santi.
Na juya ƙamus gaba da baya, babu.
Doka ta hana tsayawa,
sai na ajiye shi da Hausarsa,
na kewaye shi da bayani
kamar mai yi wa rijiya shinge.

Goma ta zama sha huɗu ban sani ba.

Kaye ya zaga, ya dawo bayan wata biyu,
bango ya sale, da tabon miya a shafi na arba'in.
Jan bik ɗin Mushe ya gyara mini aikatau uku,
bai taɓa santi ba.
Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe,
Tsahara, wadda ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba,
ta rubuta da nata Ingilishin mai tuntuɓe
cewa kakarta ma haka take yi
in an soya fara da yaji.

Na cire murfin bik da haƙori.
Daren nan ba Mushe nake rubuta wa ba.