Tsakanin Shuu da Shiru

A Ƙaura, bayan tsohuwar tashar jirgi,
inda dogo ya yi tsatsa ya daina jiran kowa,
nan teburina yake, shekara talatin da ɗaya.
Darma, ƙarfen liƙi a kan garwashi,
da gawar rediyo sha huɗu da masu su ba su waiwayo ba.

Jiya Cindo, ɗan ƙanena, ya taho daga Foli,
takarda a hannu, magana cike da baki.
Ya ce, Baba Labbo, kwanan allurarka ya ƙare,
dijital za a koma.
Murya tas, kamar mai ita na zaune kan tabarmarka.
Tashoshi barkatai a gurbin da ɗaya ta cike.
Sunan shiri a rubuce, ba laluben mita,
gidan rediyo ma ya rage shan man janareta.

Na ce, zauna. Miƙo mini filaya.

Ban ƙi ta taka ba.
Ni ma kunnena ya gaji da shuu,
da tashar da kan kutso cikin wata
kamar akuyar maƙwabci ta ga dangan kara.
Na taɓa kwana ban san wa ya rasu a Shinkafi ba,
iska ta cinye sunan,
ta bar ni da "Allah ya jiƙan".

Amma in ta yi nisa, taka, me takan yi?
Ya ce, takan yanke.
Na ce, duka?
Ya ce, ko dai tas, ko shiru.

To nan muka raba hanya.
Tawa in ta yi nisa dishewa take, kamar tsoho mai tari.
Rabin zance ya iso, rabi ya zube a daji.
A ja eriya, a ƙara mata sifokin keke,
a juya ta gabas, a riƙe numfashi,
a tsinci labari kamar kala bayan girbi.
Kala ma hatsi ce, Cindo.

Ka manta watannin da aka toshe layin waya?
Kai da kanka, mai gilashi a tafin hannu,
nan ka zo ka tsuguna.
Mu tara a kan akwati guda,
da batir biyu da aka ciza don su ƙara kwana,
muna jin wace hanya ta buɗe,
wace kasuwa aka hana ci.

Ige mai fura, tata ɗaure take da tsumman zane.
Nomau kan rataye tasa a reshen gawo, ya yi huɗa.
Tiya nawa ta gero ce sabuwar?
Ya ce, kuɗin zai sauka in an saba.
Na ce, haka aka ce mana da taki.

Ya yi dariya. Sai ya daina.
Ya ce, Baba, ba Ige kake karewa ba,
teburinka ne.

Maganar ta ɗigo mini kamar darma a bayan hannu.
Don na taɓa buɗe irin tasa.
Ba naɗin waya, ba zaren allura,
sai wani baƙin abu kamar farcen jariri
da bai san ni ba, ni ban san shi ba.
Na mayar da kusoshin, na ce da mai ita ya kai Gusau.
Ranar ban ci tuwo da daɗi ba.

Na ce, akwai wannan. Ban musa ba.
Su zo da ita. Ka koya mini in idona ya yarda.
Amma kar su kashe tsohuwar
sai sabuwar ta kai bukkar ƙarshe a bayan gulbi.
Ba a tuntsurar da randa don an ga hadari.

Bai ce i ba, bai ce a'a ba.
Aka kira magariba, muka yi, muka dawo.
Na murɗa allura a kan ta Nomau da na gama liƙewa.
Shuu.
Can ƙasa wata murya na haƙilon fitowa.
Cindo ya ajiye takardarsa a kan benci,
ya kama bakin eriya da yatsu biyu.
Muryar ta washe.
Na ce, tsaya haka, kar ka motsa.