Buɗe Baki

Shekara bakwai a Idi-Araba
ina leƙen bakin mutane.
Na san fiƙa, na san turmi,
na san ciwon da ke hana ƙato barci.

Yau ga ni a layin asibitin soja na Yaba,
takarduna cikin leda saboda ruwan Ikko.
Mu ɗari da ashirin, gurbi uku.
An auna tsayina, an sa ni gudu
har ƙirjina na kukan tsohuwar danfo.

Wani kyaftin ya haska tocila:
"Buɗe baki."
Na buɗe. Ya ƙirga.

Inna Tasalla a Agege ta ce,
"Ko kaki ko ma'aikata, a dai samu fansho."
Ni kuwa haƙuri nake taunawa,
ban sani ba ko zai bar mini haƙori.