Gyara

A rumfar Baba Nomau, bakin kasuwar Aliero,
inda warin albasa ke riga sallama isa,
na ɗora kwamfuta kan buhun da ba a ɗinke ba,
na ce daga yau littafin bashi ya huta.

Na buga hamsin, na ƙara biyar.
Allo ya ce ɗari biyar da biyar.
Baba ya leƙo, ya riƙe haɓa:
"Wagga na'ura taki ta hi ni son arziki.
Ina buhunnan? A kai ni in gani."
'Yan dako suka kwashe da dariya.

Laifina ne.
Abin da aka buga cikin akwatin shafi
rubutu ne, ko ya sa rigar lamba.
Harshen bai tara ba, jerawa ya yi,
biyar ta zauna gefen hamsin kamar baƙuwa a tabarma.
Amma da maganinsa aka haife shi:
umarni guda, mai mai da rubutu lamba.
Na kira shi. Buhu hamsin da biyar suka dawo hayyacinsu.

Sai awo.
Ɗigo ɗaya na haɗa da ɗigo biyu,
ya ba ni ɗigo uku, da jela:
sifili goma sha biyar a jere kamar kunyoyin fadama,
can ƙarshe wata huɗu ta maƙale kamar kaska.
Na ce ya datse, gida biyu bayan ɗigo.
Ya datse, ya miƙo mini,
ashe rubutu ya sake mayar da ita.
Na koyi duba hannunsa kafin in karɓa.

Da la'asar yatsana ya zame,
sunan Arzika direba ya faɗa gurbin kuɗi.
Haruffa uku suka fito, ma'anarsu: wannan ba lamba ba ce.
Baba ya ce, "Yanzu ta hwaɗi gaskiya.
Arzika ba shi lissahuwa, tun bara nika bin shi."

Na nuna masa 'yan'uwa uku masu cike gurbi:
ɗaya kullum sama yake turawa,
ɗaya ƙasa yake dannewa,
na ukun ya duba wace ta fi kusa, ya bi ta.
Ya ce duk ya san su, da su ya yi furfura a kasuwa.

Muna haka Inna Tumba ta iso da kwanonta,
ta kwance bakin zane, kuɗi suka gaza da naira hamsin.
Baba bai ƙirga sau biyu ba.
Ya danne farashi ƙasa,
ya tura kwano sama,
albasa uku ya ɗora, manya, masu jar riga,
bai ko dube ta ba.

Daren nan na bi jerin umarnin kaf,
daga mai zaro mafi girma har mai jefa ƙuri'a,
ban ga wanda ke rage kuɗi ya ƙara kaya ba.
Na buɗe baka biyu, na rubuta nawa,
na sa masa suna gyara.
Ya tsaya yana jiran in faɗi nawa ne.

Fitila ta yi ja, caji ya kusa ƙarewa.
Na bar cikinsa fayau.
Gobe zan zauna kusa da hannun Baba,
in ga ko yana ƙirguwa.