Minti Goma a Sheffield

Dakta Hollis ta san hawan jinina,
ta san gwiwar da ke ƙara in na hau bene.
Yau na zo mata da abin da awo ba ya nunawa.

Na ce barci ya yi mini yaji tun kaka.
Na ce nakan ɗora shinkafa, in tsaya kallon tukunya
har ta kama.

Ta juyo da kujera. Hanya biyu ce, in ji ta:
ko in rubuta miki ƙwaya yau, mu gani bayan sati huɗu,
ko in tura ki wurin likitan ƙwaƙwalwa.
Layinsa wata biyar. Ƙila shida.

Likitan ƙwaƙwalwa.
A gida in an ambace shi sai a rage murya,
a ce wance ta taɓu.
Shi ya san rijiyar nan ciki da bai,
amma ita ni ta sani, ga guga a hannunta.

Ruwa na dukan taga.
Agogo ya cinye bakwai cikin goman da aka ba ni.

Na so in ce a bar ni da addu'a,
sai na tuna Inna da zazzaɓinmu:
tana tofi, tana jiƙa saɓara.

Na ce, rubuta. Ki kuma sa sunana a layin.

A cikin bas na riƙe ƙunshin maganin a cinya
kamar ƙwai.
Ban gaya wa Sagir ba tukuna.