Jan Fenti

Sun miƙo mini gwangwanin jan fenti da buroshi,
suka ce, Hudadad, kai ka san dutsen nan,
duk wadda ta mutu ka shafa mata alama.
Na ce to.
Kafin azahar na shafa wa arba'in da ɗaya.

Balut muke ce mata a nan tsaunukan Zagros.
Ba doguwa ba ce, ba ta da fankama,
gajera mai faɗin kafaɗa, ta kama dutse ta riƙe.
Kuma ba ta mutuwa farat ɗaya.
Daga ƙoli abin yake farawa, kamar furfura:
bana reshe guda ya ƙi ganye, baɗi uku,
sai ka ɓare ɓawon ka tarar da baƙi wuluk,
gawayi, alhali wuta ba ta taɓa ta ba.
Ƙwaro ya bi ciki ya yi ta rubutunsa,
rubutun da malamin da ya zo daga birni
ya duba, ya cire tabarau, ya yi shiru.

Shekarar yunwa, uwata Zarbanu
ta jiƙa 'ya'yan balut a rafi kwana bakwai
har ɗacin ya bi ruwa,
ta niƙa, ta gasa mana baƙar gurasa mai kama harshe.
Mu bakwai ne. Shida muka ga narkewar ƙanƙara.
Ba hukuma ta ciyar da mu ba.

Ka tambayi kurege wa ya shuka dajin nan.
Shi ne, da mantuwarsa.
Ya binne goma, ya tuna bakwai,
ukun da ya manta su ne inuwar kakanninmu.
Bana guda ɗaya tak na gani, wutsiya duk ta zube,
yana tono inda babu komai.
Ya tsaya yana kallona
kamar ni na ci masa bashi.

Maƙwaƙwafi kam, kakarsa ta yanke saƙa,
tsutsa ko'ina, ƙwas ƙwas tun asuba.
Tuwon gidan makoki yake ci, bai sani ba.
Makwarwa ta daina kira daga kwazazzabo.
Mujiyar da ta haifi 'ya'ya a kogon can shekara tara,
kogon ya faɗi da ita ranar iska.

Beyar ta sauko gonar inabin Shirmurad tsakar dare.
Ya harbe ta, ban ga laifinsa ba, yana da yara.
Da aka farke cikinta
babu ko ƙwayar balut guda,
sai ɗanyen inabi da guntun leda.

Ruwan sama ya zo a watan jiya,
bai sami saiwar da za ta ce masa zauna ba.
Ya kwashi jar ƙasa ya yi gangare,
ya tafi da gadar makaranta.
Marmaron da muke alwala kuwa
yanzu sai ka durƙusa kafin ka ji motsinsa.

Fari ne, in ji su. Haka ne, fari ne.
Amma ni ma ina da gatari.
Shekarar da Gulnisa ta kwanta ciwo
buhu sittin na gawayi na sayar,
kuma awakin da ke cinye duk tsiron da ya leƙo
ba na aljanu ba ne.

Ta arba'in da biyu ita ce ta bakin rafi,
wadda uwata take shimfiɗa mayafi a ƙarƙashinta.
Gabas ta bushe ƙayau.
Yamma akwai ganye, bai kai cikin tafi biyu ba.
Na tsoma buroshi. Fentin ya ɗiga a takalmina.
Na tsaya har ya bushe.

Na rubuta musu arba'in da ɗaya.

Na tsinci 'ya'ya biyar a gindinta, biyu da huda.
Ukun na tona na binne, na kewaye da ƙaya,
na sauko ban waiwaya ba,
ina ta ƙoƙarin manta wurin.