Zaren da Ya Tsinke

A bakin kwatar Ƙofar Doka ne,
ran Laraba, bayan ruwan la'asar,
ina rungume da shaddar mutane.
Santsi ya ja ni, ban ma faɗi ba,
sai wani ɗan "tas" a wuyan ƙafa,
irin na zare in ya gaji da ja.

Ciwon bai kwana uku ba.
Tafiyar ce ta sauya murya:
dama shiru, hagu faɗa-faɗa,
kamar mai marin ƙasa da tafin sawu.
Kande tun daga zaure take gane ni.
Silifas ya daina yi mini biyayya,
babban yatsa na gaisawa da kowane dutse.

Barau mai ɗori ya latsa, ya murza,
ya ce ƙashi lafiya lau, targaɗe ne.
Na biya kuɗin man shafawa.
Wata guda keken ɗinkina na kallona,
feda na jira, ƙafa ta ƙi ɗagowa.

A Shika, Dakta Ladidi ba ta fara da hoto ba.
Ta ce, "Tela, taka mini da dunduniya."
Shekara hamsin da biyu ina tafiya,
ran nan na kasa taku ɗaya.
Ta ɗora yatsa gaban idon sawu,
inda igiya ya kamata ta miƙe.
Rami ta samu,
can sama kuma wani ɗan ƙullutu,
bakin jijiyar da ta gudu ta naɗe.
Na'ura ta zo daga baya ta ce haka ne.

"Za mu jawo ta, mu ɗinke."
Na yi dariya har ma'aikaciyar jinya ta juyo.
Na ce, wane irin zare? Lamba nawa?
Ɗinkin ciki ne ko na gaggawar sallah?

Mako shida ƙafa cikin siminti,
ƙaiƙayi a inda hannu ba ya kai.
Tanimu yaron shago ya lalata wuyan riga biyu,
na haɗiye, ban ce komai ba.

Yanzu kullum da safe ina gashi,
ina koya wa yatsu kallon sama.
Jiya na duba tabon da idon sana'a:
layin ya ɗan karkace daga ƙasa,
amma ya kama.

Da daddare na shigo gida,
Kande ta ɗaga murya daga ɗaki:
"Wane ne?"